Na iya keke a ƙauye, amma titin Kano na razana ni: fita cikin ayari zai taimaka?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a bayan Jogana, cikin ƙaramar hukumar Gezawa. Na samu aikin jiran shago a Yankaba, kuma kuɗin mota kullum ya fi ƙarfin abin da nake samu. Ina da keke, tun ina ɗan shekara tara nake hawa, har buhun masara ina ɗaurawa a baya in kai niƙa. Amma ranar da na gwada shiga gari da shi, da motoci suka fara yawa sai jikina ya ɗauki ɓari, na sauka na tura shi har shago. Wani abokina ya ce mu riƙa fita mu da yawa har in saba. Shin wannan zai yi amfani, ko dai in haƙura?

AMSA:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka haƙura, kuma abokinka ya ba ka shawara mai kyau, in dai kun yi ta yadda ya kamata. Irin tambayarka ta yawaita tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da dama suka kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure suka koma kansu.

Saukar da ka yi ka tura keken ba ragwanta ba ce, hankali ne. Wanda ke ɗaukar buhun masara a kan burji ai ba hawa za a koya masa ba. Abin da ba ka sani ba shi ne halin masu titi. A hanyar ƙauye kai da rairayi da akuya kuke sha'aninku, idonka na ƙasa yana neman inda taya ba za ta nutse ba. A gari kuwa idon nan dole ya tashi sama ya riƙa karanta mutane: wane ne zai tsaya, wane ne zai yanko, wane ne bai ma san kana nan ba. Wannan karatu ba a iya shi da bayanin baki. Sai ka bi bayan wanda ya iya, ka ga inda yake sassautawa da inda yake matsawa, sau da yawa, har jikinka ya ɗauka. Amfanin ayari ke nan. Ga shi kuma direba ya fi saurin ganin keke biyar a jere fiye da guda ɗaya da ke raɓe a bakin kwata.

Sai dai ayari iri-iri ne. Idan samari goma sha biyar suka taru kowa na son ya nuna ƙarfin ƙwaurinsa, sabon shiga zai dawo gida da tsoron da ya fi na da, ko ma ya dawo da rauni, domin zai bi su cikin wurin da bai shirya shiga ba don kada a bar shi a baya. Ni dai ban yarda da abin da ya wuce mutum shida ba. A sa wanda ya fi kowa sanin hanyar a gaba, a sa wani gwanin a can baya, sababbi a tsakiya, layi ɗaya, tsakanin kowane keke da na gabansa a bar tazarar tsawon keke biyu. Na baya shi ne mai babban aiki, don shi ke ganin kuskuren kowa, kuma ba ya wuce kowa ko da sarƙa ce ta zame. Tafiyar kuma ta zama wadda mutum zai iya magana yana tuƙi ba tare da haki ba. In ka ji numfashinka na sama-sama, kun yi sauri.

Kada fitarku ta farko ta zama cikin gari. Ku samu filin makarantar firamare ko filin Idi, ku yi awa guda a kan abu biyu kacal. Na ɗaya, waiwaye. Ka ja layi da ƙafa a ƙasa, ka hau kansa, abokinka ya tsaya a bayanka ya ɗaga yatsu, ka waiwaya ta kafaɗar hagu ka faɗi ko nawa ya ɗaga, keken kuma bai bar layin ba. Za ka sha mamaki: yawancin waɗanda suka shekara ashirin suna hawa, da sun juya kai sai keken ya bi su ya karkata hagu, wato tsakiyar titi. Na biyu, sakin hannu ɗaya a miƙa shi don nuna inda za a juya, hagu da dama, ba tare da kan keken ya yi rawa ba. Wanda bai iya waɗannan biyun ba, bai kai shiga Titin Haɗeja ba tukuna.

Daga nan sai kwalta, kuma lokacin da za ku zaɓa shi ne rabin aikin. Safiyar Lahadi bayan gari ya waye tangaran ta fi, ofisoshi a rufe, motoci ba su fito ba. Ku guji Juma'a da rana, kuma ku tuna Asabar ɗin ƙarshen wata akan yi tsaftar muhalli a Kano a taƙaita zirga-zirga da safe. Ku bi ainihin hanyar da za ka riƙa bi zuwa aiki, amma gutsure-gutsure. Makon farko ku je rabi ku juyo. Duk inda aka wuce wuri mai wuya, a tsaya a inuwa a sha ruwa, na gaba ya faɗi abin da ya hango da dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi. Mako na uku ko na huɗu sai a sa ka a gaba, gwanin na biye da kai.

Akwai abubuwa uku da nake so jagoranku ya nuna maka da yatsa. Babba a cikinsu shi ne A Daidaita Sahu. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, su suka cika gari, kuma gefen dama da kake bi nan ne wurin cin abincinsu. Mai A Daidaita idonsa na kan fasinja, ba kan madubi ba. Saboda haka ka daina kallon bayan kekensa, ka riƙa kallon bakin titi. Da ka hango mace tsaye da jaka ko wani ya ɗaga hannu, to ka san na gabanka zai yanko ya tsaya cak, sai ka ɗora yatsunka a birki tun kafin ya yi. Ni kaina a haka na koya: wata safiya na kafa ido a kan tayar wani, ban ga dattijuwar da ta tsayar da shi ba, sai ji na yi goshina ya daki ƙarfen bayansa, lemun da na ɗauro ya watse har cikin kwata. Har yau tabon na nan a girata.

Sai manyan motoci, tirela da tifa, waɗanda ba sa yankewa a hanyarku. A nan ba na sassauci ko kaɗan: kada ka taɓa kutsawa tsakanin babbar mota da bakin titi, ko da a tsaye take, musamman kusa da kwana. In za ta juya dama, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yankowa suke ciki, su share daidai wurin da kake tsaye, direban kuma yana can sama bai san da kai ba. In ba ka hango fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Tsaya a bayanta ta tafi.

Na uku shi ne raɓewa. Tsoro kan sa sabon shiga ya manne da bakin titi, alhali nan yashi ya taru, nan ramuka da fasassun kwalabe suke, nan kuma ake buɗe ƙofar mota ba a duba ba. Ka bar kamar taku ɗaya babba tsakaninka da gefen, haka ma tsakaninka da motar da aka ajiye, ka miƙe sak ba tare da shiga da fita ba, domin direban da ke bayanka ya san inda ka dosa. Kuma ka bi hannun dama kamar kowace mota, wanda shi ne hannun ƙasar nan tun 1972. Masu cewa gara ka fuskanci motoci don ka gan su suna jefa mutane cikin haɗari, domin mai fitowa daga lungu hagunsa yake dubawa, ba ya tsammanin wani daga dama. Shataletale kuwa, in ya yi maka yawa, sauka ka tura ka tsallaka. Ni ma akwai waɗanda har gobe turawa nake.

Kafin fitar farko ka kai keken wajen mai gyara ya duba birki gaba da baya. In irin tsofaffin nan ne masu birkin sanda da gargaren ƙarfe, ka sani da ruwa ya taɓa su ba sa kamawa da wuri, sai ka fara matsawa tun daga nesa a lokacin damina. A sa ƙararrawa mai ƙara, a sa fitila fara a gaba da ja a baya, saboda da sassafe za ka riƙa fita, ga kuma hazon hunturu. Ka naɗe ƙafar wando ta dama, ka tattare riga kada sarƙa ta ci ta. Hular kwano in ka samu hali ka saya, ko ta gwanjo ce, muddin ba ta tsage ba.

Idan ka fara zuwa aiki da shi, makon farko ka nemi ɗaya daga cikin masu kai kayan gwari Yankaba da keke daga yankinku, ka gaishe shi ka roƙi ya bar ka ka riƙa bin bayansa. Ka tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, ka riga shi isa bakin kwalta.