Kacar kekena na yawan zamewa, me zan saya?

Tambaya: Na sayi keken tsere na hannu mai giyar Shimano Sora, nakan taka shi da asuba daga Samaru zuwa Shika in dawo. Da zarar na sauko daga babban faranti zuwa ƙarami sai kaca ta faɗa ciki ta maƙale. Mai gyara ya ce in sayi sabon ƙarfen canjin gaba, wato wanda ke tura kaca daga faranti zuwa faranti. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ƙarfen nan ba ya saurin lalacewa. In dai ba lanƙwashewa ya yi ba, yawanci saiti ne ya goce, kuma abin na ba ni takaici in ga an cire lafiyayyen ƙarfe an yar.

Fara duba zamansa. Ya kamata ya tsaya milimita 1 zuwa 3 a saman haƙoran babban faranti, ya kuma miƙe daidai da farantin ba karkata. Sai ka nemi ƙananan noti biyu da ke kansa, ɗaya da alamar L, ɗaya H. Na L shi ke hana kaca wucewa ciki, wato shi ne naka. Ɗora kaca kan ƙaramin faranti, a baya kuma kan jerin haƙora mafi girma, ka riƙa ɗaure L da sukudireba kaɗan-kaɗan har gefen ƙarfen na ciki ya kusa taɓa kacar amma bai goge ta ba. Kwatan juyi kawai, ka gwada, ka ƙara. Da waje take faɗawa, da H za ka taɓa.

In ta ci gaba, auna kacar. Ɗora farkon rula a tsakiyar ƙusa ɗaya ta kacar: a sabuwar kaca, inci 12 na faɗawa cif a tsakiyar wata ƙusar. In ƙusar ta zarce da kamar milimita ɗaya da rabi, kaca ta saki, ita za ka saya. Ƙirga jerin haƙoran baya kafin ka shiga kasuwar Sabon Gari. In jeri 9 ne, mai giya 9 za ka nema, domin kacar keken gida ta yi faɗi da yawa.

Sauran kuma ƙafarka ce. Sassauta taka feda lokacin canji, kuma ka sauko ƙaramin faranti tun kafin ka fara hawa, ba sai ka kai tsakiyar gadar Kwangila kana nishi ba. Ko gwanaye abin na samun su: a tseren Tour de France na 2010 kacar Andy Schleck ta zame a kan dutse, ya yi asarar daƙiƙa 39 da rigar jagora.

Tambaya: Daga Tudun Wada nake. Baƙin mai ya isa kaca, ko sai na sayi man keke?

Amsa: Malam, sayi man keke. Baƙin mai na kwasar ƙurar hunturu ya zama kamar yashi, ya cinye kaca da haƙora tare. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ya wadatar, ka juya feda baya, sannan ka goge na waje tas da tsumma.