Finafinai suna kwamfutar falo, talabijin tana ɗaki: wace na'ura zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah inada tambaya. Akwai tsohuwar kwamfuta a falo da na tara finafinai da bidiyon iyali da karatuttuka a ciki, na jona ta da talabijin din falo kuma tana aiki lafiya. Yanzu na sa wata talabijin a daki wadda ba ta shiga intanet, ina so in rinka kallon kayan daga can ba sai na ta kwafa a filashi ba. Wani yace in sayi Chromecast, wani yace akwai akwatin Android mai araha da aka rubuta 8K a jiki. Wanne ya fi? Kuma zai rinka cin data?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Bari in fara da maganar data tunda ita ke tsorata mutane. A'a, kallon ba zai ci maka data ba. Fim ɗin zai fito ne daga kwamfutarka ya bi ta rauta, wato na'urar da ke ba da wayfai a gida, ya shiga ɗaki, bai leƙa intanet ba sam, ko babu ɗigon data a rautar zai yi aiki muddin su biyun suna kan wayfai ɗaya. Ranar farko ce kawai dole sai da intanet, wajen shiga akawun da sauke manhajoji. Sai dai in ka bar data a rautar na'urar zata riƙa sabunta kanta a ɓoye tana kuma jawo tallace-tallacen fuskar farko, wannan kam zai ci.

Toh kafin ka ciro kuɗi, je ka buɗe finafinai uku ko huɗu a manhajar kunna bidiyo ta VLC a kwamfutar, ka danna Ctrl da J tare, zai nuna maka da wane tsari aka matse bidiyon. Kada MP4 ko MKV da kake gani a ƙarshen sunan fayil ya ruɗe ka, wannan buhu ne kawai, abin da ke cikin buhun shine magana. In ka ga H264 kusan duk na'urar da ka saya zata kunna shi. In ka ga HEVC, wato H265, toh sai na'urar da ta iya shi da kanta, in ba haka ba zakaga hoto na tsalle-tsalle sauti ya wuce gaba ko allo yayi baƙi ƙirin.

A nan Chromecast ɗin da aka ce maka ya faɗi, in tsohon ake nufi, wanda ya fara fitowa a 2013 da ƙannensa marasa rimot. Sai da waya ko kwamfuta kake sarrafa su, kuma banda Ultra sauran basu san HEVC ba. Google ma ta daina ƙera Chromecast tun Agustan 2024. Amma in ka samu mai rimot, Chromecast with Google TV da ya fito a 2020, wannan daban ne, yana ɗaukar manhajoji kuma zai yi maka aikin.

Shi kuwa akwatin 8K marar sunan kamfani, gaskiya ni bana ba mutum shawarar sa. Na taɓa karɓar ɗaya in duba, kwalin ya cika baki da ƙwaƙwalwa kaza da kaza, da na sa masa fim mai nauyi minti goma bai yi ba ya ɗau zafi kamar dutsen guga ya fara sarƙewa, rimot ɗin ma sai ka danna sau biyu kafin ya ji. Kuma ba jinkirin ne ya fi damuna ba. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan wani abu da ake kira BADBOX 2.0, muguwar manhaja da ake samu a irin waɗannan akwatuna, wani lokacin tun kafin su iso hannun mai saye, ana amfani da intanet ɗin gidanka ana aikata ɓarna kai baka sani ba. Kai kuma zaka ɗora shi a wayfai ɗaya da kwamfutar da hotunan iyalinka ke ciki. In ka riga ka saya, shiga Play Store ka duba a saiti ko Play Protect ta tantance na'urar.

Abin da zan saya da ni ne: ƙaramar na'ura ta sanannen kamfani mai Google TV ko Android TV, mai rimot, ƙwaƙwalwar aiki 2GB, irin Xiaomi TV Box S, wanda ma yana da ramin USB in wata rana ka ga dama ka soka filashi. Fire TV Stick 4K na Amazon shima yana yi, akwai VLC a shagonsa. Roku yana da sauƙin sarrafawa amma babu VLC babu Kodi (wata manhajar kunna finafinai) a kai, don haka ga mai tarin fayiloli kala-kala ba shine zaɓina na farko ba.

Haɗawar ba wuya. A kwamfutar ka buɗe foldar finafinan ga sauran na'urorin gida daga wajen Sharing, a na'urar ɗaki ka sa VLC ka shiga wajen netwok na gida, zakaga sunan kwamfutarka, ka sa suna da kalmar sirrin da kake shiga Windows da su, shikenan. In kana son ado, hoton kowane fim da tuna inda ka tsaya jiya, sai ka sa Kodi, ko ka girka Jellyfin a kwamfutar, kyauta ne kuma baya neman akawun na waje. Plex ma yana da kyau amma yana son ka shiga akawunsa ta intanet. Abu ɗaya game da Jellyfin da Plex, in na'urar ɗaki ta kasa kunna fayil sai su tilasta wa kwamfutar ta riƙa canza shi nan take, tsohuwar kwamfuta kuwa sai fanka ya fara ihu fim yana tsayawa, shiyasa nace ka fara duba fayilolinka. Kuma ka hana kwamfutar yin barci a saitin wuta, in ta kwanta fim ya yanke.

Saura wayfai, inda mutane ke zagin na'ura alhali ba laifinta bane. Yi lissafi: fim na awa 2 mai nauyin 4GB kusan megabit 4 da rabi yake buƙata a daƙiƙa, kowane rauta zai ɗauka. Amma na 4K mai 50GB ya haura megabit 50, a nan layin wayfai na 2.4GHz zai fara haki, shi kuma 5GHz yana da gudu amma bango biyu ya ishe shi ya raunana. Ka jona kwamfutar da rauta da kebul ko da na'urar ɗakin zata zauna a wayfai, rabin matsalar ta tafi. Kuma ka yi amfani da cajar da ta zo a kwali, ramin USB na talabijin da yawa wutarsa bata isa, sai na'ura tayi ta mutuwa tana tashi.

Tambaya: Malam ni tawa talabijin din tsohuwa ce, ramuka uku ne da ita ja da fari da rawaya, babu HDMI. Zai yiwu?

Amsa: Zai yiwu da ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa AV. Ka karanta jikinsa da kyau domin akwai mai yin akasin haka kuma kamarsu ɗaya, basa aiki ta baya. Hoton zai sauko zuwa ingancin da, ƙananan rubutu zasu yi dishi-dishi, amma fim zai kallu.

Tambaya: Na hada komai hoto na fita amma wasu finafinan babu sauti, wasu kuma akwai.

Amsa: Kusan kullum sautin DTS ne ko wani nau'in Dolby da talabijin ɗinka bata gane ba. Shiga saitin sauti na VLC ko Kodi ka kashe passthrough, wato miƙa wa talabijin sautin yadda yake ba a warware ba, sai manhajar ta warware sautin da kanta kafin ta miƙa wa talabijin. In fim ɗin yana da layin sauti fiye da ɗaya gwada ɗayan tukun, wani lokacin akwai na AAC a ciki.