Me Ya Sa 'Yan Siyasa Suke Tsoratar Da Mu Duk Lokacin Zaɓe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne a Tudun Wada, Zariya. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, sai saƙonnin murya su cika WhatsApp, ana cewa idan wane ya ci addininmu ya shiga uku, ko kuma mutanen wani yanki za su mamaye mu. Shin wannan sabon abu ne da wayar hannu ta kawo, ko dama can haka shugabanni suke yi? Kuma ta yaya mutum zai bambance gargaɗi na gaskiya da tsoratarwar neman ƙuri'a?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Abin ba sabo ba ne, wayar hannu sauri kawai ta ƙara masa. Dalilin da ya sa wannan dabara ba ta tsufa shi ne, mutumin da tsoro ya kama yakan daina yi wa shugaba tambaya a kan makaranta da asibiti da farashin taki, tambayarsa ta koma guda ɗaya: wa zai kare ni? Ɗan siyasar da ba shi da aikin da zai nuna wa jama'a ya fi kowa son a tsaya a kan wannan tambayar.

Sai dai da wuya shugaba ya ƙirƙiri tsoro daga babu. Yakan tarar da fargabar da take da tushe ne, ya kambama ta, ya ɗora laifin a kan wata al'umma gaba ɗayanta, sannan ya nemi a biya shi da wani abu kafin ya ba da kariya, ko ƙuri'a, ko ƙarin iko, ko kuma shiru.

Misalin da masana tarihi suka fi kawowa shi ne na Jamus. A daren 27 ga Fabrairu 1933 gobara ta tashi a ginin majalisar dokokin ƙasar, makonni huɗu bayan Adolf Hitler ya zama shugaban gwamnati. Gobarar ta faru da gaske, kuma Jamusawa da yawa sun daɗe suna tsoron 'yan gurguzu. Washegari aka sanya hannu a kan dokar ta-ɓaci da ta jingine 'yancin faɗar albarkacin baki da na taro da na 'yan jarida, aka kama dubban 'yan adawa, kuma a ranar 23 ga Maris majalisar da kanta ta miƙa wa gwamnatin Hitler ikon yin doka ba tare da ita ba. Wannan dokar ta-ɓaci ba a janye ta ba har gwamnatin ta faɗi a 1945. A Amurka ma, bayan harin 11 ga Satumba 2001, an yi amfani da firgicin jama'a wajen shirya su su amince da yaƙin Iraƙi na 2003, bisa hujjar cewa Saddam Husaini yana da makaman ƙare dangi, makaman da aka shiga ƙasar aka nema ba a samu ba. Mafi muni shi ne na Ruwanda a 1994, inda gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai yana cusa wa Hutu cewa idan ba su riga kashewa ba su za a kashe, aka hallaka kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari.

Namu na gida ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan ne gaskiya da siyasa suka cakuɗe. Lokacin da Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1953, wakilan Arewa sun ƙi amincewa a sanya shekarar 1956 a matsayin lokacin samunsa, kuma fargabarsu ba ta banza ba ce: Kudu ta yi wa Arewa nisa ƙwarai a ilimin boko, saboda haka mulkin kai cikin gaggawa yana nufin ma'aikatan Kudu ne za su cike ofisoshi. Ƙananan ƙabilu su ma suna da tasu fargabar game da manyan, har Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957 domin ya bincika ta. Amma a cikin Arewa kanta, wannan harshe na kare gida an juya shi a kan 'yan gida. An riƙa nuna 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a matsayin marasa kunya masu raina sarauta, waɗanda suka haɗa kai da baƙi, aka yi amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai na En'e wajen ɗaure su. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya, ta sha ɗauri da duka a kan haka, alhali abin da take nema bai wuce a bai wa mata ƙuri'a da ilimi, a kuma rage wa talaka zalunci ba. Daga baya, da Janar Ironsi ya fitar da Doka ta 34 a watan Mayu 1966 wadda ta rushe tsarin jihohin yanki, watanni huɗu bayan kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, tsoron mamaya ya rikiɗe ya zama tarzoma a garuruwan Arewa, har da Zariya, kuma waɗanda aka kashe a Sabon Gari 'yan kasuwa ne da ma'aikata, ba waɗanda suka yi juyin mulki ko suka rubuta dokar ba.

Zamanin soja ya zo da nasa salon. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta sanar da gano makircin juyin mulki, ta ɗaure Olusegun Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. A 1998 kuwa duk jam'iyyu biyar na lokacin suka tsayar da Abacha ɗan takara, magoya bayansa suna cewa idan ba shi ba ƙasar za ta wargaje. Ya rasu a watan Yuni na shekarar, ƙasar ba ta wargaje ba.

A jihar Kaduna wannan dabara tana da kasuwa saboda dalili mai ciwo. Wanda ya ga rikicin Kafanchan na 1987 da ya bazu har Zariya, ko na Zangon Kataf a 1992, ko na bayan zaɓen 2011 wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 800 a Arewa, ba a buƙatar dogon bayani kafin gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ina kuma jan hankalinka, Malam, cewa irin saƙon da ake turo maka a Tudun Wada, akwai tagwayensa da ake tura wa mutumin Kagoro ko Zonkwa a Kudancin Kaduna, sunaye kawai aka sauya, kuma kai ne abin tsoro a cikinsa. A zaɓen 2015, kamar yadda jaridun Ingila suka bankaɗo a 2018, an ɗauko kamfanin Cambridge Analytica aka yaɗa wani bidiyo mai cike da hotunan zubar da jini domin tsoratar da masu zaɓe daga Buhari. Wato abin ya zama sana'a da ake biyan kuɗi a yi.

Game da tambayarka ta biyu, ba na goyon bayan masu cewa duk maganar tsaro yaudara ce. Garkuwa da mutane a hanyar Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa gaskiya ce, kuma shugaban da ya yi shiru a kanta ya ci amana. Bambancin yana cikin abin da mai maganar yake nema. Mai gargaɗi na gaskiya yakan ambaci wanda ya aikata laifin da wurin da aka yi shi, ya faɗi matakin da zai ɗauka da abin da zai ci da lokacin da za a ga sakamako, ya kuma yarda a tuhume shi idan ya gaza. Mai cinikin tsoro kuwa jam'i yake yi, ya ce "su" ba tare da suna ba, ya ɗauki duk wanda ya nemi hujja a matsayin munafuki ko ɗan koren abokan gaba, kuma maganinsa kullum ɗaya ne, a zaɓe shi ko a ƙara masa iko. Ka duba batun kuɗin tsaro da gwamnoni suke karɓa ba tare da an bi kadin yadda aka kashe su ba. Da zarar an tambaya sai a ce sirrin tsaro ne. Domin gudun irin wannan neman ƙarin iko da sunan tsaro ne sashe na 305 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗaure dokar ta-ɓaci da amincewar Majalisar Tarayya da wa'adin wata shida, sai fa in majalisar ta sabunta.

Shi kuwa saƙon muryar da ba a san mai shi ba, ba a faɗi gari ko rana ba, aka kuma rufe shi da "ka tura wa duk Musulmi" ko "ka tura wa duk Kirista", kada ka tura shi. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta yaƙin neman zaɓe da sunan addini ko ƙabila ko ɓangaranci, ko da yake da wuya ka ji an hukunta wani babba a kai. Idan labarin ya shafi wani gari, ka kira wanda ka sani a can ka tambaye shi, sannan ka jira ka ji ko gidajen rediyon da ke da wakilai a wurin sun tabbatar da shi.