Hoton birai a hanyar Hada: sai na sayi babbar kyamara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Shara Mansur a Makka. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ni da abokaina mukan hau Ɗa'ifa shan iska, ina ɗaukar birai da duwatsu da wayata. Amma hoton yakan fito dishi-dishi, sama fari fat, birin kuma baƙi ƙirin. Sai na sayi babbar kyamara ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Tun daga tambayarka na hango inda gizo ke saƙar, wato lokacin da kuke fita. Bayan Juma'a rana tana tsakiyar ka, haskenta na dukan dutse ya dawo da ƙarfi, inuwa kuma ta yi duhu. Waya tana shan wahalar ɗaukar biyun a lokaci guda, sau da yawa sai ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya. Kyamarar dubban riyal ma a wannan lokacin wahala take sha.

Ka gwada tashi bayan sallar Asuba, ka iso Hada, yankin duwatsun da ke kan hanyar Makka zuwa Ɗa'ifa, rana na ɓullowa, ko ka bari sai bayan La'asar sakaliya. Hasken yana zuwa ta gefe, mai laushi ne, yana fito da kowane tsagi na dutse da kowace gargasa ta jikin dabba. Ɗa'ifa tana sama da mita 1,800 daga teku, shi ya sa a lokacin sanyi hazo kan lulluɓe Hada da Shafa, wani yankin duwatsu kusa da Ɗa'ifa. Kada ka mayar da waya aljihu don ka ga hazo. In ya fara yayewa duwatsu na leƙowa, a nan ake samun hoton da ake ratayewa a bango.

Dishi-dishin kuwa, ina kyautata zaton jawo hoto kake yi da yatsu biyu. Yawancin wayoyi ba matso da abin suke yi ba, yanko tsakiyar hoton kawai suke yi su buɗa shi. Ka tsaya kan lambobin jawo hoto da wayar ta nuna, 1 ko 2 ko 3. Ka goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai taushi, ƙura da maiƙon hannu suna ɓata hoto fiye da yadda ake zato. Sannan ka taɓa fuskar birin a allon, ka ja alamar rana da za ta fito ƙasa kaɗan don rage haske, ka dogara gwiwar hannunka a kan mota.

Biran nan gwaggon biri ne, namijin babba mai furfurar gashi a kafaɗa, kowane da 'yan matansa da yake tsarewa. Don Allah kada ka jefa musu burodi ko ayaba don su matso. Hukumar kula da namun daji ta ƙasar ta hana, kuma wannan ɗabi'a ce ta sa suka saba da hanya, suna fisgar jaka suna cizo. Ni a ganina ma hoton biri yana rungume da ledar biskit ba shi da wani kyau. Ka kashe mota a inda aka ware don tsayawa, ka zauna shiru minti 15 ba tare da ka zuba wa babban namijin ido ba. Za su manta da kai, uwa ta fara tsefe ɗanta, ƙanana su hau kokawa. Sa wayar ta ɗauki hotuna da yawa a jere, ka zaɓa daga baya.

Tsakanin Maris da Afrilu ana cirar furen wardi a gonakin Shafa da Hada da sassafe. Ka je, amma ka nemi izinin mai gona da na ma'aikata kafin ka ɗaga waya. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 1 ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. Iyalai da mata a wuraren shaƙatawa, ka kauce musu gaba ɗaya.

In ka yi wata uku a haka ka ga abin da ya rage maka nisa ne kawai, kamar tsuntsayen bakin teku a Jidda, to sai ka nemi kyamarar da aka riga aka yi amfani da ita, mai gilashin jawo nesa na milimita 70 zuwa 300, ka gwada ta a gaban mai sayarwa kafin ka biya.