Amsar tambayarka kan injin wankin ƙanwarka

Na ga saƙonka tun da safe, hannuna na cikin aiki ne shi yasa sai yanzu. Ka ce za a kai ƙanwarka ɗaki, an ɗora maka zaɓo injin wankin da za a sa mata a kaya tunda kai ne mai koyon gyara, iyaye mata kuma sun kafe sai mai ƙofar gilashi a gaba ɗin nan, kana tambaya wane kamfani ne ya fi ƙarko. Toh Allah Ya sanya alheri Ya ba su zaman lafiya. Amma yaro ka yi gaggawa, maganar kamfani tana can baya. Kafin ka taka Sabon Gari ka je gidan da za ta zauna tukun, ka dubo min ruwansu da wutarsu.

Ruwa na fara faɗa saboda shi mutane ke mantawa. Duk injin da ke wanki da kansa, mai buɗewa ta sama ne ko mai ƙofa a gaba, shi yake jan ruwansa ta tiyo, akwai ɗan bawul a bayansa da wuta ke buɗewa, kuma sai ruwan ya zo da ƙarfi yake cika a kan lokaci. In gidan a hannun 'yan garuwa suke sayen ruwa jarka jarka to wallahi ado kawai za ku saya mata, zai tsaya yana ƙara yana nuna lamba a fuska wai ba ruwa. Ko da tanki ne, in a kan ɗan gajeren dakali aka ɗora shi ruwan tsiyaya zai riƙa yi, sai an ɗaga tankin sama sosai ko a sa ƙaramin famfo mai tura ruwa. In kuma bohol ne mai tafe da yashi, akwai 'yar raga a bakin tiyon, ita ke toshewa, ka nuna mata yadda ake zaro ta a wanke da tsohon buroshi, da yawan injinan da ake kawo mana wai sun lalace wannan 'yar ragar ce kawai.

Wuta kuma ka ɗauki mitar shago ka auna ta da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa, kar ka auna da hantsi ka ce lafiya lau. Injinan nan an yi su ne don wuta mai volt 220 zuwa 240, in ka ga tana sauka ƙasa da 180 to injin mai bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, ba zai ji daɗin gidan ba sai da sitabilaiza, kuma ba ƙaramar ta talabijin ba, mai ƙarfin 5000VA nake sa wa mutane. Ba ma faɗuwar ce ta fi cinye bod ba, dawowar da wuta ke yi da ƙarfi bayan an ɗauke ita ce, shi yasa a ko yaushe in an gama wanki a zare fulogi.

Ni in gidan irin gidajenmu ne na cikin gari, wuta yau akwai gobe babu, ruwa na saye, mai baho biyu zan ce ka ɗauko ko da iyaye mata za su ɓata rai. Da bokiti ake zuba masa ruwa, ruwan sabulu ɗaya a wanke farare a bi da masu kala, ruwan ɗauraya a wanke tsakar gida da shi. Taimarsa ta murɗawa ce ba bod a ciki, in aka ɗauke wuta sai ka tsame kayanka ka ƙarasa da hannu. Motonsa wat 300 zuwa 500 ne yawanci, ƙaramin janareta ko inbatan sola na ɗaukarsa. Kuma kai ma ka buɗe cikinsa ka gani, moto biyu, bel, kafasita, taima, robar tare ruwa, sai wayar birkin wajen matsewa, shi kenan, ba abin da zai lalace a nan da ba za ka samu a Kano ba ranar da ka nema. Aibinsa dole mace ta tsaya a kansa tana kwashe kaya daga wannan bahon zuwa wancan, yana ɗan cin kaya masu laushi, sannan jikinsa roba ne, in aka bar shi a rana a tsakar gida zai bushe ya fara tsagewa.

Shi mai ƙofa a gaba ba na kushe shi fa, duk ya fi su fitar da datti kuma ya fi su tattalin ruwa, lita 50 zuwa 60 yake sha a wanki ɗaya, jarka biyu da ɗoriya kenan, mai buɗewa ta sama kan sha ninkin haka. Amma yana da hita a ciki mai jan wajen wat 2000, in gidan Band A ne, wato rukunin da wutarsa ta fi tsada, ka tuna a watan Afrilun 2024 an kai yunit ɗaya naira 225, sai ta riƙa wanki da ruwan sanyi in ba dole ba. Wankinsa na wuce awa ɗaya, wani har biyu, in wuta ta tafi a tsakiya kayan na nan cikin ruwa sai ta dawo. Ciwonsa babba boris ne, wato zoben ƙarfen da bahon ke juyawa a kai, ranar da ka ji yana matsewa da ƙara kamar jirgi zai tashi to ruwa ya bi ta roba ya shiga boris, kuma wasu an liƙe bahonsu gaba ɗaya ba a raba shi biyu, sai dai a canza bahon dukkansa, kuɗin ya kusa na wani injin.

Kilon da ake rubutawa a jiki nauyin busassun kaya ne. Kar a ce ai su biyu ne a ɗauko ɗan mitsitsi, ga zanin gado ga labule ga bargo in hunturu ya shigo, yara kuma na tafe in Allah Ya so. Daga 7 zuwa 8 ya yi.

Yanzu kamfani. LG, Samsung, Hisense, Haier Thermocool, Scanfrost, Midea, Nexus, duk suna kasuwa kuma duk mun buɗe cikinsu, kowanne na da mai kyau da na talaka. Abin da nake yi kafin in ce wa mutum saya, sai in ɗauki lambar samfurin in je wajen masu sayar da kayan gyara in tambaya ko suna da bod ɗinsa da famfon fitar da ruwa da makullin ƙofa, nawa ne kuma. In suka fara cewa sai an yi oda daga Legas ko ba su taɓa ganinsa ba, na bar shi ko da kyauta ne. LG na da masu moto manne da baho ba bel, za ka ga an liƙa garantin shekara 10 ɓaro ɓaro a gaba, to na moton ne kaɗai, bod ba ya ciki, kuma moto ba shi ke saurin mutuwa ba, ka sa su faɗa maka na sauran jikin wata nawa ne. Lambar da ke bayan injin ta zama ɗaya da ta kwali da ta katin garanti, a rubuta ta a rasit da kwanan wata da hatimin shago, don akwai masu liƙa sunan babban kamfani a jikin wani abu daban. A jona shi a gabanka ya juya kafin ka biya. In wani ya zo muku da zancen ɗan kwatano mai araha ka karanta bayansa, na Amurka volt 120 ne, kana jona shi a tamu ya ƙone.

Ka gaya wa amarya mai ƙofa a gaba ba ya son omo mai kumfa da yawa, a riƙa laluba aljihu, fil ɗin gyale da allura da asuwaki su ke maƙale famfo. Shaddar angon mai maiƙo da babbar riga mai aiki kuma a kai wa mai wanki da guga, kar a jefa su ciki.

Ranar jere ka je da kanka da sifana, kar ka bar wa masu ɗauko kaya. Soket ɗinsa daban a bango mai wayar ƙasa, ban da jona shi a doguwar waya tare da firji, ruwa da wuta ne a waje ɗaya. Ka daidaita ƙafafunsa kar ya riƙa rawa, ka rufe ƙasansa da marfin da ke zuwa a kwali saboda ɓera. In mai ƙofa a gaban suka saya, akwai dogayen noti uku ko huɗu a bayansa da ke riƙe baho a hanya, ka kwance su kafin a kunna, in ba haka ba zai yi ta tsalle har ya fasa wani abu. Ka zuba su a leda ka ba ta ta ajiye, ranar da za su tashi daga gidan sai an mayar da su.