Yara za su iya kallon fim ɗin gobarar daji?

Yaya, kin ce an tura miki fim a waya na wasu iyali da gobarar daji ta cinye musu gida suna ƙoƙarin farfaɗowa, ko ya dace yara su gani.

Ki fara kalla ke kaɗai tukuna. Irin finafinan nan na Amurka ba wutar ce kawai matsalar ba, akwai koke-koke da faɗan iyaye, wani lokacin har giya, kuma gobararsu ba wasa ba ce, ta garin Paradise a Kalifoniya a 2018 mutum 85 ta kashe. In kin ga an rubuta PG-13 to 'yan ƙasa da shekara 13 sai da lurar babba.

Ni dai ƙanana a bar su gaskiya, balle wanda ya taɓa ganin rumbu ko danga na ci da wuta da hunturu. Manyan yaran kuwa ku kalla tare da rana, kar a miƙa musu waya da daddare a tafi, suna tambaya kina amsawa, daga nan ki ja musu kunne kan cinna wa ciyawa wuta wajen farautar gafiya.

In yaro ya fara firgita a barci ko fitsarin kwance har ya kai wata, kar a yi masa tsawa, a kai shi asibiti likita ya duba shi.