Na Ɗaga Hilux Ɗina, Yanzu Tana Karkarwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noma a yankin Dukku, kuma saboda laka da kwazazzaban damina na sa an ɗaga Hilux ɗina da inci 3, aka kuma sa mata manyan tayoyi. Tun daga lokacin, idan na hau kwalta zuwa Gombe sai ta riƙa karkarwa, sitiyari ba ya tsayawa, robar shaf ɗin gaba kuma ta yage sau biyu. Me ya kamata in canza? Daga mai karatu a Dukku, Jihar Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duk abubuwan nan da ka lissafa tushensu ɗaya ne, domin ɗaga mota yana karkatar da ƙarafan da kamfani ya jera su kusan a miƙe. Tun daga ƙirar 2005, kowace ƙafar gaban Hilux tana motsi ne ita kaɗai a kan naɗaɗɗen sifirin, saboda haka idan aka ɗaga ta, shaf ɗin da ke kai wa tayar gaba ƙarfi yakan sunkuya, ninkin robarsa ya riƙa gogar juna har ya yage, maiko ya zube, ƙura ta shiga. Sayen sabuwar roba kullum ɓarnar kuɗi ce.

Shawarata ita ce ka sauko da ita zuwa inci 2, wato kimanin santimita 5, inda yawancin kayan asali ke iya jurewa. Idan kuwa ka nace a kan inci 3, to sai an sassauto da akwatin giyar aksul na gaba, an kuma sauya hannayen sama na ƙafafun gaba da waɗanda aka ƙera domin motar da aka ɗaga, in ba haka ba boljoyin, wato mahaɗin da ke tsakanin hannun da ƙafar taya, zai ci da wuri kuma mai alaimen ba zai iya daidaita sitiyarin ba.

Karkarwar kuwa galibi daga farfela take, wato dogon shaf ɗin da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya, kuma akan magance ta da sassauto da mariƙinta na tsakiya ko sa ƙaramin weji tsakanin sifirin baya da aksul. A duba tsawon shokazoba da tiyon birki ma, kada su ɗaure idan taya ta faɗa rami.

Batun taya shi ne mutane suka fi rainawa. Misali, idan ka tashi daga taya mai lamba 265/65R17 zuwa mai lamba 285/70R17, girman ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, don haka idan allon gudu ya nuna 100, kana kan kusan 107 ne, motar za ta yi nauyin tashi, kuloci kuma ya sha wahala idan ka loda buhunan masara. Maganinsa na gaskiya shi ne sauya haƙoran giyar aksul, gaba da baya lokaci guda kuma iri ɗaya, aikin da ke da tsada, wanda bai kamata a ba kowane gareji ba. Kafin nan, ka rage tsayin lodi da gudu a kwana, tunda motar ta fi dā saurin kifewa.